Yadda Bayana Ya Tona Asirin Gemuna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ranar da na tuɓe riga a gaban tsohuwar ɗalibata, matata na zaune a gefe da jaka a cinya, ni kuwa sai murmushi nake zubawa irin na mutumin da ya zo jin hukuncin shari'ar da ya tabbata shi ya ci. Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ɗauka taɓuwa na yi.

Ni malamin makaranta ne. Kimiyya nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata (ku riƙe wannan da kyau, don shi ya ƙara wa abin muni). A Gwammaja aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake har yau. Matata Rabi sana'arta haɗa turaren wuta da humra, wajen kakarta ta koya tun tana yarinya. Amare daga unguwanni da dama wajenta suke zuwa, kuma duk wanda ya shigo zaurenmu sai ya tsaya ya ja numfashi kafin ya yi sallama. Shekara ashirin da biyu ina cikin wannan ƙamshin ko atishawa ban taɓa yi ba.

To, ina cika arba'in da biyar furfura ta sauka a gemuna. Ba ta zo da sallama ba, balle a ce tsiro ɗaya yau, biyu gobe. Kamar zuba ta aka yi. Da farko ban damu ba, sai ranar da na shiga adaidaita sahu wata mata ta dube ni ta ce, “Baba, ɗan matsa mana.” Matar nan da 'ya'ya uku take tafe, babbar cikinsu ta isa shiga ajina. Na matsa ɗin, amma har na sauka ina jin kalmar tana yi mini yawo a kunne.

A makon na samo wani mai aski a wajen Ƙofar Kabuga, Sale sunansa. Kada ku tambaye ni dalilin tsallake duk masu askin Gwammaja. Mai askin layinmu in ka gaya masa magana da hantsi, kafin la'asar ta riga ka isa majalisa. Sale ba ya magana da yawa. Zai kwaɓa baƙin rini a murfin kwalba, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya bi gemun nan tsaf, in zauna ina kallon bango na ɗan lokaci, ya wanke, in fito ina jin kaina ɗan talatin da biyar. Laraba bayan Laraba nake zuwa, wato duk mako biyu, in an tashi daga makaranta. A gida na ce taron malamai ne aka ƙirƙiro mana. A makaranta kuwa, duk wanda ya yaba gemun sai in ce gadon gidanmu ne, mu ba ma furfura da wuri (alhali hoton mahaifina yana rataye a falo, gemunsa fari fat kamar auduga, kuma rabin Gwammaja sun san shi).

Na kusa shekara ina cin karena babu babbaka, sannan ƙaiƙayi ya fara. Haɓata ce ta fara yin ja, sai wuya, sai bayan kunne. Ƙananan ƙuraje su fito, su yi ruwa, su bushe, fatar ta yi ɓawo. Yakan lafa bayan kwana goma ko makamancin haka, sai kuma ya dawo sabo. Kuma kullum ranar Alhamis ko Juma'a yake dawowa. Da a ce ɗaliba ce ta kawo mini wannan a takardar jarrabawa ta kasa gano musabbabin, da na zagaye mata sifili da jan biro. Ƙwaƙwalwata ta gani sarai. Zuciyata ce ta ce ita ba ta ga komai ba.

Magani kuwa babu irin wanda ban gwada ba. Wata gwaggona ta ce tautau ne ya yi mini fitsari. Malamin lissafi ya ce borin jini ne, in daina cin ƙwai da kifi, na daina. Na yi wanka da sabulun salo, na yi da ruwan darbejiya har sai da na fara jin ɗaci a bakina, na shafa man kaɗanya, na sayi man shafawa iri uku a kemis. Kowanne sai ya yi kamar zai yi aiki, Laraba na zagayowa komai ya rushe.

Wata rana na dawo gida wuyana na ci kamar an watsa mini barkono, na tarar tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙi, Rabi na gwada sabon haɗi a kasko. Nan take na sami mai laifi. Na ajiye jaka na yi mata darasi na kusan rabin awa a kan sinadarai, da yadda suke bin iska su sauka a fata, har da zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tuna mini cewa tun tana amarya take wannan aikin a gidan nan. Na ce ai jiki yana canjawa, abin da bai dame ka jiya ba yana iya damunka yau (wannan gaskiya ce a kimiyyance, abin takaicin ke nan, da gaskiya na gina ƙaryata). Na yanke hukunci cewa ba za a sake kunna turare a gidana ba.

Rabi ba ta yi gardama ba. Washegari ta kwashe tukwanenta da kwalabenta da buhunan itace ta kai gidan yayarta a Shahuci. Daga ranar, kullum in yara sun tafi makaranta sai ta kama hanya, ba za ta dawo ba sai gab da magariba, a gajiye, sannan ta ɗora tukunya. Gidanmu da aka sani da ƙamshi ya koma warin daddawa da takalman yara. Ƙaiƙayi kuwa ko gezau. Na ce saura ne ya maƙale a labule, ta wanke labule. Na ce katifa ce, ta shanya katifa kwana uku a rana.

Ranar da na tashi fatar idona ta kumbura har ɗalibai suna tambayata ko zuma ce ta harbe ni, ranar na haƙura na tafi asibiti, sashen cututtukan fata. Da layi ya zo kaina na shiga, sai likitar ta miƙe tsaye ta ce, “Malam! Ina wuni?” Na ƙura mata ido. Ashe Hauwa ce, wata ɗalibata ta shekarun baya, mai zama a layin gaba tana damuna da tambaya. Yanzu ta zama Dakta Hauwa. Daɗi ya kama ni har na manta da ƙaiƙayin na ɗan lokaci.

Ta duba haɓar, ta duba wuyan, ta ɗan daɗe tana kallon gemun, sannan ta ce tana zaton wani abu ne da nake taɓawa jikina ya ƙi shi. Ta bayyana mini cewa suna wani bincike a sashen nasu, suna so su gano abubuwan da suka fi jawo wa mutanenmu irin wannan ciwon, da kuma maganin da ya fi yi musu aiki, domin yawancin abin da ke cikin littattafansu a kan mutanen wasu ƙasashe aka gwada, waɗanda sabulunsu da man shafawarsu da turarensu ba irin namu ba ne. Ta ce shiga ba dole ba ce, sunana ba zai fito ko'ina ba, kuma duk ranar da na ga dama ina iya janyewa, za a ci gaba da duba ni kamar kowa. Ni kuwa me zan yi in ba gyara zama ba? Na yi mata ɗan jawabi a kan muhimmancin bincike ga ci gaban al'umma, na sa hannu a takardar amincewa da wani irin lanƙwasa da ban taɓa yi ba.

Sai ta ɗauko takardar tambayoyi. Wane sabulu nake wanka da shi, wane mai nake shafawa, wace sana'a nake yi, wace ake yi a gida. Da muka zo nan na baje mata labarin turaren Rabi dalla-dalla, har da ra'ayina na masani. Ta rubuta. Sai ta ce, idonta a kan takarda, “Malam, kana shafa wani abu a gashi ko a gemu? Kamar rini haka?”

Na ce a'a.

Ta ɗago ta dubi gemun nan da ke sheƙi kamar an goge takalmi, ta sake tambaya a hankali, wai ko sau ɗaya ne, ko a wajen aski. Ku duba fa, ƙofa ce ta buɗe mini har sau biyu. Amma yarinyar da na koyar, wadda take tashi tsaye in na shigo aji, ita zan gaya wa ina zuwa Kabuga a shafe ni da buroshin haƙori? Na ce mata gado ne. Ta ce to, ta rubuta a'a.

Gwajin da za a yi mini ba na allura ba ne. Wasu 'yan ƙananan faifai ne kamar maɓallan riga a jere a jikin filasta, kowanne an ɗiga masa wani sinadari daban, sai a manna wa mutum a baya, a bar su kwana biyu. Wanda jiki ya ƙi, gurbinsa zai yi ja. Ni da kaina na ba da shawarar a haɗa da kayan Rabi, Dakta Hauwa ta ce ai dama suna son hakan. Ranar Litinin na zo da humra kala biyu da turaren wuta da sabulun wankinta a leda, ina riƙe da ita nesa da jikina kamar na kamo ɓera. Aka jera mini faifan nan a baya, aka rubuta lambobi a fatata da alƙalami, kayan Rabi a layin ƙasa. Sharaɗi uku aka ba ni: kada ruwa ya taɓa bayan, kada in yi gumi, kada in sosa.

Kada in yi gumi, a Kano, ana tsakiyar zafin bazara, a ajin da fankarsa ta mutu tun kafin a haifi wasu ɗaliban. Na koma tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Kwanciya sai rubda ciki. Wanka kuwa sai dai Rabi ta jiƙa tawul ta goge mini wuya da kafaɗu tana kauce wa filastar (wadda nake tuhuma ita ce ke jinyata, kuma ko a lokacin ban ji kunya ba). Zuwa Talata wani wuri guda ƙasan kafaɗata ta hagu ya fara ci kamar an ɗora garwashi. A aji na riƙa jingina da bakin ƙofa ina ɗan gogawa a fakaice, kamar akuya a jikin katanga. Amma a raina murna nake. Da na dawo gida na ce wa Rabi to ga shi nan, kayanta sun fara nuna halinsu. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta ci gaba da tankaɗe.

Laraba da safe aka cire filastar. Dakta Hauwa ta dubi bayan, ta ce in dawo gobe, domin fata takan ɗauki lokaci kafin ta gama ba da amsa, kuma goben za a ɗauki hoton haɓata don binciken, ba tare da fuska ta fito ba. Kalmar hoto ita ta kashe ni. Na shiga banɗakin asibitin na dubi madubi, sai ga farin gashi ya fara leƙowa daga tushe. Kuma ga shi Larabar zuwa Kabuga ce.

Ko Sale sai da ya yi mini magana. Ya ce haɓar nan ta yi ja da yawa, da an bari ta huce. Na ce ya kwantar da hankalinsa, likitoci sun riga sun gano abin, turaren gida ne. Ya kwaɓa ya shafa. Wani raɗaɗi ya ratsa ni har cikin haƙori, na daure. Ana cikin wankewa na hango wani maƙwabcinmu ya tsaya da babur a bakin shagon yana waya. Ban jira an gama ba, na goge da tawul na sulale ta ƙofar baya.

Alhamis na tashi haɓata ta yi suntum, leɓena na ƙasa ya yi gaba kamar mai fushi da kowa. Ko alwala sai a hankali na yi, don wurin ba ya taɓuwa. Na ce wa Rabi ta shirya ta raka ni. Ta ce tana da kayan wata amarya da za ta haɗa a Shahuci. Na ce amarya ta jira, ina so ta ji da kunnenta daga bakin likita, don kada gobe a ce ni na ƙaga. Ta ɗauki mayafi ta biyo ni.

Da muka shiga, Dakta Hauwa ta gaishe da Rabi da ladabi, sannan ta dube ni ta ce, “Malam, ko Hajiya za ta ɗan jira mu a waje? Sakamakon naka ne kai kaɗai.” Ƙofa ta uku ke nan da yarinyar nan ta buɗe mini. Na ɗaga hannu na ce shekara ashirin da biyu babu abin da na taɓa ɓoye wa matata, ta zauna. Sai ta ce ƙa'idar binciken ita ce likita biyu ne suke karanta sakamako, ko na yarda ta kira babbansu. Na ce ta kira duk wanda take so. Babban likitan ya shigo, wani dattijo mai fara'a, gemunsa fari tas yana ta walƙiya, ko a jikinsa.

Na tuɓe riga na juya musu baya. Suka fara bi lamba lamba, ita tana faɗa shi yana tabbatarwa. Babu, babu, babu. Na ƙagu su iso layin ƙasa. Da suka iso, sai na ji ta ce humra ta farko babu komai. Ta biyu babu. Turaren wuta babu. Sabulu babu. Na ce su ƙara dubawa da kyau, wataƙila hasken ɗakin ne. Dattijon ya ɗauki hoton bayan da kyamarar aikinsu ya miƙo mini. Layin Rabi fes, kamar fatar jariri. Can sama kuwa, ƙasan kafaɗar hagu, lamba ta tara ta yi jawur, ta kumbura, har da 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa, irin na haɓata sak.

Na tambayi mene ne a lamba ta tara. Dakta Hauwa ta faɗi wani dogon suna wanda ni malamin kimiyya na gane shi tun kafin ta kai ƙarshe, amma na yamutsa fuska kamar ban taɓa ji ba. Ta ce shi ne ake zubawa a baƙin rinin gashi, da kuma dayis ɗin da mata suke ƙunshi da shi.

Mutumin kirki a nan zai tsaya. Ni sai na juya wajen Rabi na ce, “Dayis! Ashe ƙunshinki ne.” Ta buɗe tafukan hannunta biyu. Jan lalle ne, shi ma ya fara koɗewa, kuma na fi kowa sanin ba ta taɓa son baƙin ba. Na ce to ko hulata ce, ai ina da baƙar hula. Dakta Hauwa ta ce, murya ƙasa ƙasa, hula ba ta kaiwa haɓa.

Dattijon ya ce bari ya ga haɓar tukuna. Ya sa safar hannu, ya jiƙa auduga, ya ɗan goga a gefen gemun a hankali don ya share ruwan ƙurajen. Da ya ɗaga audugar sai ga ta baƙa ƙirin. Ya dube ta, Dakta Hauwa ta dube ta, Rabi ta dube ta. Ni kuwa, tsirara daga ƙugu zuwa sama, lambobi a rubuce a bayana, leɓe a kumbure, na buɗe baki na ce:

“Baƙin allo ne. Jiya na goge allo.”

Dakta Hauwa ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da takardar hannunta, kafaɗunta suna rawa. Dattijon ya shafa farin gemunsa ya ce, cikin natsuwa kamar yana ba da sakamakon gwaji, “Malam, wannan allon naku ya iya bin gemu.”

Sai Rabi ta gyara mayafi ta ce, “Dakta, ku rubuta kawai. Laraba bayan Laraba yake zuwa. Ni nake wanke baƙin daga rigar matashin kansa.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na nemi rigata na rasa, ashe a kanta nake zaune.

Ban tsira da haka ba. Dakta Hauwa ta share idonta, ta ɗauko takardar tambayoyin ranar farko, ta nuna mini inda aka rubuta a'a. Ta ce a aikin bincike ba a goge amsa, ba a yage takarda. Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ta ja layin ta rubuta e, ta sa hannunta, ta miƙo mini biro in sa nawa. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina sa yara gyara, yau ga ni ina yin gyara a gaban ɗalibata. Ta ce ba don ta kunyata ni ba ne. Da amsar ta zauna yadda take, za su sami mutumin da jikinsa ya ƙi rini alhali bai taɓa rini ba, su yi ta neman abin da babu. Kuma da tsautsayi ya sa gurbin humrar ya ɗan yi ja, da turare za a rubuta, a haɗa da na wasu a fitar da sakamako, mata masu sana'a irin ta Hajiya su kwana a ciki. Wannan maganar ta fi audugar yi mini ciwo.

Maganin bai da yawa. A aske gemun gaba ɗaya in kumburin ya sauka, man shafawa safe da yamma na mako biyu, ƙwayar ƙaiƙayi, sannan ni da baƙin rini har abada. Ta rubuta mini sunan sinadarin a 'yar takarda ta ce in riƙa dubawa a jikin duk abin da zan saya, in kuma dawo sau biyu a ga yadda maganin yake aiki.

Muka hau adaidaita sahu muka kama hanyar gida. Can na tambayi Rabi me ya hana ta faɗa tun tuni. Ta ce, “Ka ce mini taron malamai kake zuwa. In na ce ba taro ba ne, na kira ka maƙaryaci ke nan a cikin gidanka.” Ta ce ita rinin bai dame ta ba, gemuna ne. Abin da ya hana ta sukuni shi ne ba ta da tabbacin shi ne yake jawo ciwon. Da na yi mata darasin nan na sinadarai, ta ɗauka da gaske nake, ai ni ne mai ilimin. Wata uku ke nan duk amaryar da ta sayar wa humra sai ta bi ta da waya tana tambaya ko jikinta lafiya, har wasu sun fara zargin ko wani abu ne a cikin kayan. Ta ce sau biyu tana niyyar barin sana'ar gaba ɗaya.

Na ba ta haƙuri, irin haƙurin da ba a yi masa ado. Ta ce ta haƙura, amma wanda ya kori tukwane shi zai dawo da su, kuma Yaya daga bakina za ta ji dalili.

Ranar Asabar na tafi Shahuci da haɓa a aske tas, tana ta maiƙon magani. Yayar Rabi ta shekara goma ba ta ga haɓata ba, sai da na yi sallama sau biyu ta gane ni. Na zauna a tabarma na karanta mata komai, daga Kabuga har allo. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta kira maƙwabciyarta ta ce in sake daga farko. Na sake. Sannan na yi sawu huɗu ina fito da tukwane da buhuna zuwa bakin titi, don lungun nasu adaidaita ba ta shiga.

Cikin kwana goma fatar ta warke sumul, kamar ba a taɓa yi ba. Gemun ya fito fari, na shirya wa surutun jama'a, har na tanadi amsoshi. Ba wanda ya yi mamaki. A majalisa wani ya dube ni ya ce ashe dai na gaji, aka ci gaba da hirar ƙwallo. A makaranta malamin lissafi ya gaya mini cewa 'yan ajina sun daɗe suna gane Alhamis ɗin da zan yi musu jarrabawar gwaji ta duk mako biyu da ganin gemuna, in ya yi baƙi sosai sai su hau karatu. Hatta ƙaramar 'yata ta ce ita ta ɗauka duk iyaye maza haka suke yi.

Abin da na koya dai shi ne, in likita ya tambaye ka abu, ka faɗa masa gaskiya tun kana sanye da rigarka, domin in bakinka ya ƙi, fatarka za ta faɗa, kuma ita ba ta san a yi magana a keɓe ba. Sannan duk sirrin da kake shan wahalar ɓoyewa, ka ɗan duba fuskokin mutanen gidanku. Wataƙila sun fi ka shan wahala, wajen ɓoye maka cewa sun sani.